Kujerar da Na Mayar wa Kawu

Da sunan Allah na buɗe wannan kaye, littafin rubutu, kuma ke nake rubuta wa, ƴar fari. Ranar Talata kin dawo daga lakwal, makarantar boko, kin ajiye jaka, ba ki taɓa tuwo ba. Da na matsa miki, kika ce ƴan ajinku sun ce uwarki ta taɓa barin ki ta tafi neman kujera a Yamai. Na ce ki je ki wanke hannu. Tun ranar maganar take cina. Cikin da nake ɗauke da shi ya shiga wata bakwai, ƙafafuna suna kumbura, ni kuma mai tsoro ce, kin sani. In na kwanta haihuwa ban tashi ba, labarin da zai rage miki shi ne wanda ake yi a bakin rijiya. Karatuna aji huɗu ne na lakwal da rani biyu na karatun manya, don haka inda kika ga rubutu ya karkace ki gyara a ranki.

Daga takarda abin ya fara. Ranar da za a haife ni naƙuda ta yi wa mahaifiyata tsanani, aka ɗauko ta daga Dumega zuwa likitar Dutsi, wato asibiti. Can aka haife ni, can aka rubuta ni. A garin nan da aka kawo ni aure, cikin ƙasar Kiyeshe, matan da suke sa'o'ina kusan duk a ɗaka aka haife su, babu mai takardar haihuwa sai ni. Tawa tana cikin leda a ƙasan kwalla, ban taɓa sanin tana da wani amfani ba.

Kin san Kawu Mushe, Allah ya jiƙansa, ƙanen Inna kakarki, mahaifiyar babanki. Shi ya koya mini haruffa lokacin da yake malami a Dumega, shi ne kuma ya haɗa aurena da babanki. Da ya ajiye aiki ya zauna Dutsi. Shekarar da kike da huɗu, ina goyon ƙanenki Sani, zaɓe ya zo, Kawu ya ce zai tsaya depite, wato ɗan majalisar dokoki ta ƙasa. Bayan an gama ɗaure hatsi ya zo gida, Inna ta shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin rumfa ta dama masa fura. Ina tsugune ina tsince wake, ina jin su.

"Yaya, takardar haihuwar Zali nika so."

"Mi za ka yi da takardar yarinya?"

"Doka ce ta zo. Parti ba ta aje lis sai da mata a ciki. An ce kowa shi kawo mace mai takarda daga garinsu. Cikon layi ne, Yaya, sunanta can ƙasa za shi zauna, ba mai ganin shi."

"To, ita tana tsayawa, kai kana tsayawa?"

"Ni ka tsayawa. Ita tana baya."

Inna ta ce to. Duk wanda ya ji, abin da ya fahimta shi ne ina bayan Kawu. Ni ma haka na fahimta. Babanki yana Kwatanu wurin cin rani, aka kira shi, ya ce abin da Kawu ya ce shi ke nan. Aka kai ni Dutsi a mota, aka yi mini hoto, aka shiga da ni ofis biyu. A na biyun aka ce in sa hannu. Ina rubuta sunana a hankali, Kawu ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Ina ɗamarar da na koya miki?" Shi in zai rubuta harafin farko na sunana sai ya ja masa layi a tsakiya, yana ce mana harafin ya ci ɗamara zai shiga kokawa. Na ja layin, ya yi dariya, aka dawo da ni gida kafin la'asar.

Sai kampanyi ta tashi. Motoci da lasifika, maroƙa, shayi da sukari. Alamar jam'iyyar su Kawu ƙwarya ce da ludayi. Ya tsaya a gindin gawon bakin gari, babbar riga fara, ya ce:

"Ƙuri'arku tawa ce. Duk wanda ya dangwala ma ƙwarya, ni ya dangwala ma."

Wata rana wata mota ta zo da mata kaɗai a ciki, suna raba zane mai alamar ƙwarya. Fuskar da ke jikin zanen ta wata Hajiya ce, ƴar kasuwa ƴar asalin Dutsi da ke zaune Yamai. Kowace mace biyu aka ba su zane ɗaya su raba. Mai rabon ta duba wata takarda, ta kira sunana da na mahaifina, ta ba ni biyu cikakku. Ta ce, "Ke ce tamu." Na ɗauka tana nufin ta parti. Zanen yana da kauri, sanyi ya shigo, Sani yana tari, sai na mai da shi na goyo. Wata guda ina yawo cikin gari da fuskar matar nan a gadon bayan ƙanenki. Har Inna tana yi mini ba'a, tana cewa yaro ɗaya ta sani, wace ce wagga ƙatuwa da nake goyawa tare da shi.

Ranar zaɓe muka yi layi a lakwal. A takardar depite babu fuskar Kawu, babu fuskar kowa da muka sani, alamomi ne kawai. Inna ta shiga bayan labule ta daɗe, sai ta fito da takardar a hannu tana tambaya ina hoton ƙanenta, an cire shi ne? Malamin zaɓe ya ce shi ba ya da izinin nuna mata komi. Mutane daga waje suka riƙa ce mata ƙwarya, Inna, ƙwarya. Ta koma tana gunaguni. Da aka ƙidaya, in ban da ƴan kaɗan, duk garin ƙwarya ya yi. Aka ce garuruwan kewaye ma haka. Mata suka yi guɗa, aka sayi rago aka aika wa Kawu, tun ranar ba wanda ya ƙara ce masa Mushe, sai Depite.

Aka shiga jira. Mako ya wuce, wani ya wuce. Ran nan da hantsi ina daka, Sani a bayana, maza suna teburin mai shayi suna sauraron rediyo, ana karanta sunayen waɗanda kotu ta tabbatar. Kowane suna sai a bi shi da wani suna. Ni ban ji da kunnena ba, matar maƙwabcinmu ce ta shigo ba sallama ta ce an kira jam'iyyar ƙwarya, sunaye huɗu, babu Kawu. Na huɗun Hajiyar nan ce ta jikin zane, kuma sunan da ya bi nata nawa ne, har da na mahaifina.

Na ajiye taɓarya. Na ɗauka kuskure ne aka yi a Yamai, za a gyara da yamma. Inna tana zaune tana kaɗi, ta naɗe zaren a mazari sannan ta dube ni.

"Kwance yaron nan."

Na kwance. Ta karɓi zanen ta shimfiɗa a ƙasa, ta daɗe tana kallon fuskar.

"Mu munka yi layi cikin rana don ƙanena. Ke kinka zagaya ta baya."

"Inna, wallahi ban san matar ba."

"Ba ki san ta ba kinka goya ta wata guda? Kowa rabi anka ba shi, ke anka ba ki biyu. Don kyawunki?"

"Kawu ya karɓi takardar, Inna, gabanki."

"Don ki tsaya bayanshi ya karɓa. Ba don ki hau kanshi ba."

Kada ki ga laifin kakarki. Ita a gidan da ta tashi, lokacin da aka naɗa ƙanen mahaifinta sarkin noma aka tsallake babba, ƙaramin ya cire rawanin ya kai gaban wansa ya ajiye, sai da wan ya ɗauka da hannunsa ya mayar masa sannan gida ya zauna. Ta gani da idonta tana yarinya. A wurinta kujerar depite haka take, abu ce da ake ɗauka a ajiye gaban babba.

"Ki maida mishi abin shi."

"Ina yake, Inna, in maida?"

"Ke kinka san inda kinka karɓo."

Aka kira Kawu, wayarsa a kashe. Aka aika, aka ce ba ya jin daɗi, ba ya ganin kowa. Kwana uku mata ba sa amsa gaisuwata a rijiya, in na sa guga sai su janye nasu. Rana ta huɗu Inna ta ce in tafi Dumega gidanmu, in zauna har in mayar da abin mutane. Sani yana shan nono, in tafi da shi. Ta dafa kanki ta ce, "Wagga dama tawa ce."

Nan ne nake so ki karanta a hankali. Kin san ke ƴar fari ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, wadda ta nuna an ce ba ta da kunya. Haka na tarar, haka mahaifiyata ta yi da yayana. Ke ma ba ki taɓa ce mini uwa ba, Zali kike ce mini kamar kowa. Da safe aka ɗaura wa jaki amalanke don a kai ni bakin hanya. Kina tsaye jikin zana, takalminki ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Inna tana ƙofa, mata sun fito suna kallo. Kika ce, "Zali, ina za ki?" Sau biyu kika ce. Ban juyo ba. Kunnuwan jakin na yi ta kallo, ɗaya yana da tsaga, har yau ina ganin tsagar. Da na juyo, da an ce ban da cin amana har da rashin kunya. Abin da ke raina ke nan lokacin, ban sani ba ko daidai ne.

A Dumega kaina ya ƙara ɗaurewa, don su ma sun ji rediyo, su kuma barka suka zo yi. Mata suka cika ɗakin mahaifiyata. Wata ta ce in tuna da su wajen famfo, wata ta kawo ɗanta ta ce ya gama lakwal in nema masa aiki. Ana ce wa kakanki, mahaifina, baban Depite a masallaci, shi kuma ya dawo ya zauna ya dube ni ya ce, "Ke, tsakani da Allah, kin ci ko ba ki ci ba?" Na ce ban sani ba. A gari ɗaya an kore ni don na ci, a wani garin ana roƙona don na ci, ni kuwa ko ƙafar kujera ban gani ba. Na jira ko wani zai zo da mota ko da takarda, ba wanda ya zo. Babanki ya aiko saƙon murya a wayar ƙanena. Ya ce in yi haƙuri in mayar musu, mi zan yi da kujera ina da yara biyu. Na saurara sau uku. Har shi ya ɗauka tana hannuna.

Wata biyu da kwana tara na yi. Abin da nake tunani kullum shi ne kunnenki na hagu da yake ruwa in sanyi ya yi yawa, ko Inna ta lura. Da yadda kike tsoron ragon gidan, da yadda ba kya cin tuwo in miya ta taɓa shi ta ko'ina sai an bar miki gefe fari. Ba ni da wanda zan tambaya, in na tambaya an ce ina cigiyar ƴar fari. Sai in tambayi masu zuwa daga Kiyeshe lafiyar Inna, lafiyar awaki, lafiyar gida duka, in tsaya ko za su ambace ki da kansu.

Wata ranar Talata da zan je Dutsi na goya Sani da tsohon zanena, na ninke na Hajiya guda biyun na sa a leda, na shiga taksi. Na ce wa mahaifiyata allurar yaro zan je. Na yi ta tambaya har aka nuna mini buron jam'iyya, wato ofishinsu, wani shago da aka zana ƙwarya a bangonsa, ƙofa ɗaya a rufe ɗaya a buɗe. Wani mutum mai tabarau yana ciki shi kaɗai yana ɓare gyaɗa a kan tebur, aka ce shi ne sakatare. Na gaishe shi, na faɗi sunana. Ya tashi tsaye ya ba ni benci, har ya ce mini madam.

"Kujera na zo maidawa," na ce.

"Wace kujera?"

"Wadda anka ce a rediyo."

Ya cire tabarau ya goge. Ya so ya yi dariya, ya dubi fuskata ya fasa. Sai ya tara gyaɗar tasa wuri ɗaya.

"Madam, dubi nan. Ƙuri'ar garinku ba Mushe kunka ba, parti kunka ba. Jihar Dosso duka ake haɗawa, tun daga Gaya har Dogon Kiriya, a zuba wuri guda kamar haka. Sai a raba kujeru. Mu munka samu huɗu." Ya ware gyaɗa huɗu. "Parti ka zaɓen wanda za shi zauna cikin mutanen lis. Doka kuma ta ce cikin huɗu, guda dole mace. Ga manya uku. Ga Hajiya. Mushe shi ka biye, ya tsaya a bakin ƙofa."

"To ni mi ce ce a ciki?"

"Ke sipiliyan ce, mai jira. Kowane depite yana da nashi. In Hajiya ta rasu, ko anka ba ta minista, ke ka shiga."

"Ni ban so ta mutu."

"Ba wanda ya ce kina so, madam."

"To na bari. A ba Kawu."

"Ko ke da Hajiya kun bari yau, ba ta komawa wurin Mushe. Ba haka ake ba."

"Ƙuri'un da munka ba shi fa, ina sunka tahi?"

Ya ɗauki gyaɗa ta huɗun ya nuna mini.

"Ga su nan. Ba don garuruwanku ba, uku za mu samu."

Na zauna ina kallon gyaɗar nan. Wato layin da Inna ta yi cikin rana shi ya sayi kujerar, kujerar kuma ta tafi wurin matar da sunana ke manne da nata. Inna tana da gaskiya ke nan. Ni ma ina da gaskiya. Har yau in na lissafa abin daga wannan gefe sai ya fita, in na lissafa daga wancan ma sai ya fita, in na haɗa su sai kaina ya yi ciwo. Na tambaye shi wa ya manna sunana da na Hajiya. Ya jawo wani dosiye na takardu daga kabad, ya buɗe, ya juyo mini da shi. Faransancin ban iya ba, amma ga sunan Hajiya a sama, ga nawa a ƙasansa da biro shuɗi, harafin farko ya ci ɗamara. Ba hannuna ba ne, nawa yana can ƙasan shafi a karkace. Na san hannun da ya rubuta mini haruffa a allo shekara huɗu.

Gidan Kawu yana can wajen gindin dutse. Na tarar da bencinan da aka yi haya an jingine su a bango, ragon garinmu yana ɗaure ba a yanka ba, ya yi ƙiba. An liƙe kejin kaji da takardun kampanyi, fuskar Kawu tana kallon ƙasa. Shi kuma yana zaune a zaure da ƴar shara, ya rame, rediyo a gefensa a kashe. Na durƙusa na gaishe shi. Na fito da zannuwan daga leda na ajiye a gabansa, don ban san mi kuma zan ajiye ba.

"Kawu, ga kujerarka. Ita ke nan abin da anka ba ni."

Ya dubi zanen, ya dube ni.

"Kin je buro."

"Na je. Na ga ɗamarar."

Sani ya fara mutsu-mutsu a bayana.

"Sun ce in ban kawo ma Hajiya mai jira daga ƙasarmu ba, ba su sa ni a lis. Na ɗauka biyar za mu samu, Zali. Da mun samu biyar, da ni da ita duk mun shiga, ba mai jin sunanki ma."

"To ka gaya ma Inna haka."

"In gaya mata mi? In tsaya gindin gawo in ce na san tun farko ƙuri'arsu ba tawa ba ce? Tsofaffin da sunka zo da sanda? In ce na sani na ce musu tawa ce?"

"Kawu, wadda na baro can kunnenta yana ruwa."

Ban taɓa ambatonki gaban babba ba sai ranar. Ko a nan ban kira suna ba, amma ya gane, na ga ya kawar da kai. Ya shafa gemu.

"Hanya biyu ce," ya ce. "In na ce zan faɗi gaskiya, ban san ranar da bakina za shi iya ba. Kuma Yaya ba ta gane lis, za ta ce rufa miki asiri nika yi. In kuwa na ce kin zo har gida kin durƙusa kin maido mini, na karɓa, Juma'a kina ɗakinki."

"Amma sai a ce da gaske na ɗauka."

"Za a ce."

Ya bar ni da zaɓi, shi da ya rubuta sunan. Na so in ce masa wannan ba adalci ba ne, amma malamina ne, kawun mijina ne, kuma ranar Talata ce. Na ƙirga a yatsa, Laraba, Alhamis, Juma'a. Na ce masa Juma'a.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya zo da ni a mota. Mata suka taru a rumfar Inna, har waɗanda ba sa shiga gidanmu. Kawu ya sa farar rigarsa ta kampanyi, ya rataya zannuwan a hannu. Na durƙusa a tsakiyar gida.

"Yaya, yarinya ta zo har gida ta aje gabana. Na karɓa. Ni kuma na ce Hajiyar ta riƙa mini can, don ƙafata ba ta son tafiyar Yamai."

Mata suka ce madalla. Inna ta karɓi zanen ta juya shi, ta dube ni.

"Da kin yi haka tun farko. Kin tuba?"

"Na tuba, Inna."

Kalma biyu ke nan da suka sa ƴan ajinku suke faɗin abin da suke faɗi. Daga ranar aka sa mini Depite, har yara suna kira in na wuce da tulu. Duk wadda muka yi cacar baki da ita a rijiya, ƙarshen maganarta shi ne ai ita ba ta taɓa zagaya wa kawun mijinta ba. Ban taɓa mayar da amsa ba, don da bakina na ce na tuba, gaban shaidu.

Ke kina bayan Inna ranar, kin riƙe zanenta. An aske miki kai saboda ƙuraje, na ɗauka wata yarinya ce. Ba ki zo wurina ba, ni ma ban kira ki ba, na wuce ɗakina na fara share ƙasar da ta taru. Sai da mata suka watse, Inna ta shiga salla, na same ki a bayan rumbu kina wasa da gwangwani. Na jawo ki na duba ki tun daga kai har tafin ƙafa. Kunnen ya bushe, Inna ta lura, ta sa miki magani. Kika tsaya ƙiƙam kamar wadda baƙuwa ta kama. Kwana shida ba ki ce mini Zali ba. Ran na bakwai kika miƙo mini kwano kika ce miya ta taɓa ko'ina.

Hajiyar nan har yau ban taɓa ganinta ido da ido ba. Bayan shekara biyu da wani abu sojoji suka karɓi mulki, aka rufe majalisar. Na tambayi babanki ko har yanzu ina jira ne ko jiran ya ƙare, ya ce in tambayi waɗanda suka sa ni. Takardar haihuwata ta dawo da hudar ƙusa biyu a kusurwa. Da za a sa ki lakwal aka ce sai an yi miki taki a meri, ofishin magajin gari, na yi mako ina jin tsoro kafin in yarda, don na ga abin da takarda take yi wa mutum yana zaune a ɗakinsa.

Kawu ya rasu daminar da ta wuce, bai faɗa wa kowa ba. Duk sallar da ya zo gida sai ya kawo miki takalmi, ke kaɗai ban da Sani, kina tambaya don mi. Yanzu kin sani. Inna har gobe ta yarda ƙanenta ya ci zaɓe ya ba da riƙo, zanen ma tana rufe ƙwaryar fura da shi. Kada ki karanta mata wannan, kada ki kai shi lakwal, ba sai kin yi faɗa da kowa ba. Ni dai ban je Yamai ba, ko hanyarta ban sani ba. Kujera ban ɗauka ba, amma na ce na ɗauka, don Juma'a ta fi kusa.

Saura abu ɗaya. Ranar amalanke kin tambaye ni sau biyu ina za ni, ban juyo ba. Dumega na je, wata biyu da kwana tara, kuma ba ranar da ban kira ki a cikin raina ba. Bakina har yanzu ba ya iyawa, amma na duba, ba wanda ya taɓa cewa hannu ma yana kunya. Ga sunanki nan, ki gyara in na karkata.

Balkisa.